Hirar Shinkafa a Ƙofar Ɗakin Luba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Lawali, Allah Ya jiƙansa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a Bakura, ya tafi ya bar matarsa Luba da tsohon ciki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne tambayar da ɗiyar da aka haifa bayansa, Asma'u, ta yi mini. Ta dawo makaranta ido ya yi ja, wai ƙawayenta suna kwaikwayon muryar iyayensu, ita ko ba ta da abin kwaikwayo. Ta ce, "Gwaggo, Baba ya taɓa yi mini magana?"

Lawali mutum ne mai kunya, balle ga cikin fari. Ko sau ɗaya bai taɓa ambatar cikin nan a gabanmu ba. Amma da cikin ya fito, sai ya tsiro da wani hali. Kullum ya dawo fadama da la'asar, kafin ya wanke taɓon ƙafarsa, zai tsuguna a ƙofar ɗakin Luba ya kama ba da labarin gona da muryar nan tasa mai kauri: ruwa ya iso, shinkafa ta fara ciki, tsuntsaye sun dame shi. Mutumin da a da sai an yi da gaske yake haɗa magana biyu! Muka yi ta yi masa tsiya, wai auren ne sai yanzu ya shige shi.

Daga baya na raka Luba awo Talata Mafara. Ma'aikaciyar jinya ta faɗa wa mata cewa tun wajen wata na shida ɗan da ke ciki yana ji, kuma murya mai kauri ta fi ratsawa ta kai gare shi. Ta ce hanyar da sauti ke bi daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa kamar hanyar gona ce, sai ana binta take fitowa, kuma aikin yana ci gaba har yaro ya yi wayo. Ban san ko Luba ta taɓa kai masa irin wannan bayani ba, ko zuciyarsa ce kawai ta gaya masa.

Da yana nan yau ya ga yara sun toshe kunne da waya, ana yi musu magana ba su ɗaga kai, na san ransa zai ɓaci. Sai dai wayar nan ita ce ke ajiye muryar kowa yanzu, mu kuwa ko kalma ɗaya tasa ba mu da ita. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Ban yi wa Asma'u ƙarya ba. Na ce ba za ta tuna ba, babu mai tunawa. Amma kunnen da take jin karatu da shi, take jin kiran Luba daga bayan gida, muryarsa na cikin waɗanda suka fara bi ta nan.

Sannan na ba ta abin da na ji da kunnena. Wata rana Luba ta gaji, ta ce masa don Allah ya isa haka da zancen shinkafa. Bai san ina bayan danga ba. Ya sunkuyar da kai, ya rage murya, ya ce, "Wa yac ce da ke nika yi?"

Asma'u ta matso ta jingina da ni. Can ta ce, "Gwaggo, sake faɗi. Amma ki yi da irin muryarsa."