Tawada a Ƙwaurin Kawu Iddir

Ni kaɗai na lura cewa ruwan alwalar Kawu Iddir shuɗi yake gangarowa.

Shekara talatin da ɗaya yana hawan dutsen Tubkal da baƙi 'yan yawon buɗe ido daga ƙauyenmu, Imlil. Bana aka ce wanda ba shi da takardar jagora ba zai ƙara wuce shingen hanyar dutsen da baƙo ba, takardar kuma sai an ci jarrabawar baka da Turanci.

Da na matsa masa da tambaya kan ruwan, ya naɗe wando. Ashe ya rubuta wa kowace gaɓa sunanta na Turanci a kanta da shuɗiyar tawada, da baƙaƙen Larabci, yadda ya ji a bakin Turawa. Na gwiwa da ƙwauri sukan kwana. Na idon sawu da dunduniya kuwa sau biyar yake sake su a rana.

"'Yar jami'a, gyara min. Kada gwaggonki ta ji, ta ce tsoho ya fara ƙunshi."

"Kawu, ƙafa kawai?"

"Wa ke ciwon kunne a can sama? Gwiwa ce ke kuka."

Wata biyu muna yi. Na ƙara masa Turancin hau, sauko, dafa nan, taka a hankali.

Ranar jarrabawa na raka shi birni. Mai jarrabawar, wanda takalminsa bai taɓa ganin dutse ba, ya ce ya ba da tarihin ganuwar birnin. Kawu ya naɗe wando, ya dafa cinyarsa, ya bi ƙafar yana kiran sunayen har yatsu, bai kuskure ko ɗaya ba.

Mutumin ya yi dariya. "Baba, nan ba asibiti ba ne."

Mutumin da ya goyo Baturiya da karyayyen ƙwauri awa huɗu cikin ƙanƙara aka gaya wa haka! Ina bakin ƙofa, Turancina ya fi na mai dariyar, amma na kasa buɗe baki. Har yau haushin kaina ya fi ci na.

Masin, ɗan mai masaukin baƙi, shi ya samu takarda, Kawu bai samu ba. Masin ɗin da sau biyu yana juyowa daga rabin dutsen yana amai.

Ranar da sakamako ya iso, Masin ya aiko wai Kawu na iya bin su, shi da baƙinsa, da kaya. Kawu ya ari alfadarin maƙwabci, ya ɗaure jakunkunan, sannan ya durƙusa ya cire masa tsakuwa a kofato.