Zukatan Birai a Firizar Philomena

"...ku taso min da ita, na ce! Mahbuba! Ƙulli biyu na mazan birai ne, wallahi na tuna!"

Hamzat ke nan, ɗan dako a Kasuwar Singa, ya faɗo tsakar gidan hayarsu na Fagge yana tsallake bokitai.

Mahbuba ƙanwarsa ce. Shi daga firamare ya ajiye biro, ita kuwa ta miƙe har digiri na biyu. Aikin nata ne abin dariyar gidan, wai zuciyar biri take aunawa. Duk birin da ya mutu a hannun likitocin dabbobi sai a kira ta, ta yanko tsokar zuciya kamar ƙwayar gyaɗa, ta sa a 'yar kwalba, ta rubuta namiji ko mace. So take ta gano ko ƙarfe da sauran ma'adinan da ke cikin tsokar sun bambanta tsakanin namiji da mace. Shekara shida tana tarawa, kwalba arba'in da huɗu. Masu neman aurenta biyu sun gudu.

Sai firizar makaranta ta mutu. Hamzat ya sa kowace kwalba a ledarta ya ƙulle, ya kai wa Madam Philomena mai kifi a Sabon Gari. Wata biyar suna ƙarƙashin katan-katan na kifi. Da aka ɗauko, ƙanƙara ta wanke rubutun tas. Naman kuma ɗan mitsitsi ne, in aka gwada jinsinsa ba abin da zai rage na awo. Malaminta ya ce in wata ya ƙare ba a raba na maza da na mata ba, sunanta ya fita. Kwana tara ba ta leƙo waje ba.

"Yaya, don Allah ka ƙyale ni," ta ce daga ɗaki.

"Ke tashi! Ran da firiza ta mutu, kwalaben maza kika fara miƙo min. Mu 'yan dako ba ma haɗa kaya iri biyu ba alama. Na farko ƙulli biyu, na baya ɗaya."

"Kai da lambar wayarka ma sai an tuna maka?"

"Lamba daban, ƙulli daban, 'yar boko!"

Suka je makaranta aka duba. Ashe Philomena ta kwance yawancin ledojin don kifinta ya samu wuri. Kwalba sha takwas kaɗai ke ƙulle. Malam ya sadaukar da huɗu a gwada jinsinsu. Mahbuba ta ce ɓarna ce kawai, ta fara cigiyar aikin koyarwa.

Ran Laraba da hantsi wayarta ta yi ƙara. Ta kasa ɗauka, Hamzat ya fizge.

"Yayanta ne, Malam, faɗa min!"

"Ka ce mata sha huɗun da suka rage sun yi kaɗan, sai mun roƙi kwamiti, kuma ban yi alkawari ba. Amma huɗun nan duk sun dace da ƙullinka."