Ciyawar Sani Ta Yi Fure

Da safen nan aka bugo mini waya, wai Sani mai gyaran kyamara na unguwar Coal Camp, nan Enugu, ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Tun ɗazu na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in sake shiga.

Ciyawa ce ta haɗa mu. Na same shi durƙushe a bakin kwatar gidanmu a Uwani, na ce, "Samari, me ya faɗi?" Ya ce, "Baba, zo ka ga abin da ƙudan zuma ke gani."

Kowane furen daji hoto biyu yake yi masa, ba tare da kyamara ta motsa ba. Ɗaya da hasken da muke gani, ɗaya da hasken UV, wanda idonmu ba ya kamawa. Fure rawaya fes, amma a hoto na biyu sai ga baƙin tambari a tsakiyarsa, yana nuna wa zuma hanya. Na yi karatu tun zamanin alli da allo, ban taɓa jin wannan ba.

Ya ba ni aiki, riƙe kwali in tare iska. Hannuna rawa yake, sau da yawa ni ke taɓa furen. Sai ya ce, "Iskar Enugu ce, Baba, mu sake."

'Ya'yana suna nesa. Shi ke ƙwanƙwasa mini ƙofa, da ƙosai a leda.

Zuwansa na ƙarshe yana tari. Ya nuna wata ciyawa a bayan tagata, ya ce, "Wannan ba ni da hotonta. Ka tsare mini, kada masu sharar sanitation su rigaye ni." Na ce me za a biya maigadi? Ya ce, "Ƙosai."

Jiya ciyawar ta yi fure. Na kira shi, wayar a kashe.

Na ɗauki hotonta da wayata, ga shi nan ƙasa. Rabin aikin ke nan. Gobe Asabar ce ta shara, mai gidan da nake haya ya ce ba zai bar ko tsinke ba. Zan fito da kujerata in zauna kusa da ita. In akwai mai irin kyamarar Sani a garin nan, ya zo da hantsi, zan riƙe kwalin.

Allah Ya jiƙan Sani, Ya haskaka kabarinsa, Ya nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.