Takalmin Sallar da Kawu Ya Hana Ni

Ranar wata Asabar ta Disambar 1974, shekarar da Babbar Sallah ta zo daf da Kirsimeti, Kawu Sani ya riƙe hannuna ina ta tsalle, muka fito daga gidanmu na unguwar Marylebone a Landan da sunan zai saya mini takalmin Sallah. Shekarata takwas. Ƙanen Umma ne, ɗalibi a Bloomsbury, mai tulin gashi da bakin tsiya, wanda ko shayi aka ba shi sai ya yi wa'azin 'yan jari-hujja. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, mutanenmu na ta jidar kaya a kantunan Landan kamar za a rufe duniya, shi kuwa abin na ci masa rai.

Na riga na ga takalmin ta gilashi, ja ne mai maɓalli, sati biyu ina mafarkinsa. Muna isa ƙofar kantin sai ga abokansa Turawa da kwalaye, suna ihun an mai da biki kasuwa. Kafin in ankara Kawu ya tuɓe mini kwat, ya rataya mini kwali a wuya, an rubuta wai yaran Afirka abinci suke nema, ba kayan wasa ba. Ni da na ci ƙwai biyu da safe! "Tsaya nan, kada ki yi murmushi," in ji shi. Sanyi ya shiga ƙashina, majina na zuba, masu wucewa na kallona da tausayi, har wata tsohuwa ta cusa mini biskit a hannu. Can sai ga Hajiya Talatu, maƙwabciyarmu, niƙi-niƙi da jakunkuna. Ta dube ni, ta dubi kwalin, ta riƙe haɓa ta wuce.

Kafin la'asar labari ya zaga gidajen 'yan Arewa cewa 'yar Alhaji na roƙo a titi. Umma ta wanke ƙanenta tas, shi ko a jikinsa, wai ya ceto ni daga bautar kaya. Da tsohon takalmin makaranta na je Idi, yara na nuna ni suna ƙus-ƙus.

Yau Kawu kantuna uku gare shi a Kano, duk Sallah sai ya ƙawata su da fitilu ya tsuga farashi. Wallahi ban yafe ba, kuma ba takalmin ke ƙona mini rai ba. Yarinyar nan da ta miƙa masa hannu tana tsalle, ita ce ban sake gani ba.