Ƙofar Ɗakin Yaya

Yayana ba ya cewa "na tabbata" sai ya duba, ya sake dubawa. Tun muna yara haka yake. In aka aike mu tare, sai ya tsaya tsara wa zai riƙe me, wa zai fara shiga shago, ni kuwa ina gefe ina ta tsaki. Da ya girma sai ya sami aikin da ya yi daidai da halinsa, har ana biyansa a kai.

Kamfanin da yake wa aiki yana ƙera ƙananan amalanke masu tuƙa kansu a cikin manyan rumbunan kaya. Wasu ne ke rubuta manhajar da ke juya su. Shi nasa ya tabbatar, da lissafi, cewa ko ta wace hanya abubuwa suka cakuɗe, amalanke biyu ba za su shiga siririn lungu ɗaya su yi karo ba, ba kuma za su tsaya cirko-cirko kowacce na jiran ɗaya ta wuce ba. Na ukun shi ne abin alfaharinsa, adalci: kada a bar wata tana neman hanya har abada ba ta samu ba. Yakan rubuta dokokin, ya miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta bi kowane irin jeri da zai iya faruwa tana neman inda za a sami matsala.

A gida yake yawancin aikin, teburinsa na fuskantar bango. Ya taɓa aure, bai yi ƙarko ba. Matar ta ce ta gaji da zama da ƙeyar mutum, ni kuma ban ga laifinta ba.

Da Mama ta rasu, shi ya ɗauko Baba ya dawo da shi wurinsa. Ya gyara masa ɗaki mai taga, ya saya masa sabuwar katifa da rediyo. Na ce, "Yaya, tsoho fa ba katifa kaɗai yake so ba."

Ya ce, "Ke dai kin cika surutu. Ni duk wanda ya zo ya jira ni, sai na saurare shi. Ban taɓa barin kowa a tsaye ba."

Gaskiya ya faɗa. Ni in na je, tsayawa nake a kansa ina buga ƙafa har ya cire abin sauraron da ke kunnensa. Mai gyaran famfo ma haka. Amma Baba tsohon tela ne, ya yi rayuwarsa yana ganin haushin masu katse wa mutum ɗinki, ba zai tsaya a kan mai aiki ba ko da me. Yakan jawo silifas ya zo bakin ƙofar da wata 'yar magana, rediyo ya ƙi kamawa, ko ya tuno wani abu na Mama. Sai ya ga ƙeya, ya ɗan tsaya, ya juya. Can an jima ya sake zuwa, ya sake komawa. Na gani da idona, raina ya ɓaci, na ce zan yi magana. Baba ya ce, "Kul. Aiki yake."

Haka aka yi ta tafiya, mutum biyu a gida ɗaya, kowa da kofin shayinsa a ɗakinsa. Baba ya rame, maganarsa ta ragu. Rannan ya kira ni a waya ya ce in da wuri a gidana, yana so ya zo ya ga jikoki. Na san ba ganin jikoki ba ne. Na je na kwaso shi. Yaya ya loda kayan a mota da kansa, yana ta tambaya ko katifar ce ba daɗi.

Ba a daɗe ba ya zo gidana da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya same ni a kicin, ya jingina da firji kamar wanda ya yi zazzaɓi. Ya ce an ƙara wa amalanken wata sabuwar ɗabi'a: in ɗaya ta tarar lungu a cike, ta ja da baya don kada ta tare hanya, ta dawo an jima. Da ya sa kwamfuta ta duba, sai ta fito masa da wani jeri. Wata amalanke tana zuwa, ta tarar da wata a ciki, ta koma. Ta dawo, ta sake tararwa, ta sake komawa, ba iyaka.

Ya ce, "Ba wadda ta karya doka fa. Dokar tawa cewa ta yi duk wadda ta tsaya ta jira za a ba ta hanya. Ita kuwa ba ta taɓa tsayawa ba."

Na ga ya riga ni gano Baba a cikin labarin. Ya leƙa ɗakin Baba, ya tarar ya kishingiɗa idonsa a rufe. Ya ɗan tsaya, ya juya a hankali ya tafi. Na bi bayansa da kallo, tausayi da takaici suka cika ni.

Daga baya na je gidansa ɗauko tabaran Baba da aka manta. Gidan tsit, sai ƙarar firji. Ya cire ƙyauren ɗakin aikinsa gaba ɗaya, ya jingine shi a bango. Ya juyo da teburin yana kallon ƙofa, ya ajiye wata kujera mai taushi a gefensa. Ina taka baranda ya ɗago kai da sauri, da ya ga ni ce sai ya yi ɗan murmushi.

Na ce, "To ka zo ka faɗa wa Baba mana."

Ya ce, "Ya samu natsuwa a wurinki. Kada in takura masa."

Da na koma gida na zauna a bakin gadon Baba, na ba shi labarin ƙyauren da teburin da kujerar, ban rage komai ba. Ya daɗe yana goge tabaransa da gefen riga. Na ce ko in kai shi gobe, ko wuni ɗaya ya yi.

Ya ce, "A'a, 'yar nan. Kada a dame shi, yana da aiki."