Shaidar Wanda Bai Haye Kogi Ba

Talabijin ɗin gidan maƙwabtanmu mai baƙi da fari ce, kuma da batirin mota take aiki idan babu wuta. Na fara da wannan ne saboda duk gardamar da zan ba da labari a kanta ta rataya.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina saurayi a Haɗeja. Na sauke Alƙur'ani, ina zaune gaban malamina ina kwafe masa tsofaffin waƙoƙin wa'azi da ajami, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja. Boko kuwa ban wuce haɗa baƙi ba. Maƙwabcinmu malamin makarantar sakandare ne, Kirista daga kudancin Kaduna, ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma irin tamu. Ɗansa sa'ana ne, tare muka koyi iyo a bakin kogi. Yana ce mini Gwani don tsokana, ni kuma ina ce masa Bature.

Kawun Bature ne ya kawo masa na'urar gem, wato ta wasan da ake yi a talabijin, daga Jos, da kaset guda ɗaya. Ba irin gem ɗin dambe ko ƙwallo ba ne da ake gamawa a zama ɗaya. Tafiya ce. Kana riƙe da wani saurayi da ya bar ƙauyensu saboda wani matsafi ya tsare kogin ƙasarsu, gonaki sun bushe. Kana shiga garuruwa, kana tambayar mutane, kana samun abokan tafiya, kana faɗa da dodanni a daji. In ka gaji, kaset ɗin yana riƙe maka inda ka tsaya, gobe ka ɗora. Mu da muka san shekarar da ruwa ya ƙi zuwa fadama, ba sai an yi mana dogon bayanin abin da ya fitar da saurayin daga gida ba.

Mun raba aiki. Bature ke karanta Turancin yana juya mini, ni ke riƙe abin latsawa domin na fi shi riƙe hanya a ka. Juyin nasa ma abin ji ne. Sarkin cikin gem sai ya yi magana da muryar wani dillalin shanu da muka sani, tsohuwar da ke sayar da magani kuma ta koma mai ƙosan bakin tasha. Bayan La'asar muke zama, kiran Magariba ke tashinmu. Mahaifiyarsa ma ta san ƙa'idar, in ladan ya ɗaga murya ita ke leƙowa ta ce, "Gwani, an kira ku."

Mun kwashe watanni a haka. Ƙauyen farko ba shi da wani abin kallo, gidaje kamar an jera bulo, mutane gajeru masu manyan kawuna. Sai da muka yi nisa sosai muka sami kwalekwale, muka shiga wata ƙasar ruwa mai dogayen ciyayi da tsuntsaye. A talabijin ɗinmu wurin toka-toka yake, ruwa na ƙyalli, ciyawa na kaɗawa. Sak fadamar wajen Guri da asuba, kafin rana ta ba kowane abu launinsa. Ranar da muka fara shiga, na daɗe ban latsa komai ba.

Ana nan sai mai gidan kallon unguwarmu ya ji labarin kaset ɗin. Mutum ne mai son harka, yana da talabijin mai kala da janareta, ya kuma sayo irin na'urar Bature yana sa wa samari gem ɗin dambe. Wata rana ya tare mu a ƙofar shagonsa da wata tsohuwar mujallar Turawa da ya samo a Kano, wadda ake auna gem-gem a cikinta ana ba su taurari. Ya buɗe wani shafi ya miƙa wa Bature.

"Karanta wa Gwani abin da masana suka ce a kan abin da kuke ɓata yammacinku a kai."

Bature ya karanta, yana juyawa, muryarsa na raguwa. Mai rubutun ya ce launukan gem ɗin suna sa ciwon ido, mutanen ciki kamar an sassaƙa su da gatari, tafiyar kuma ba ta da daɗi, gara mutum ya adana kuɗinsa. Tauraro ɗaya ya ba shi.

Mai shago ya ce, "To kun ji. Ni don zumunci zan karɓa in ba ku na dambe, sabo. Mutanen ciki har jijiyar hannunsu ana gani."

Na dubi Bature, na ga idonsa na kan kwalin gem ɗin damben. Kaset nasa ne, ba ni da ko ƙwandala a ciki. Amma in ya tafi, tafiyarmu ta tafi da shi, kwalekwalen da abokan tafiyar da duk watannin nan, kuma ba za mu taɓa sanin ko kogin ya dawo ba.

Na karɓi mujallar. Turancin ba zan iya ba, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Na duba hotunan shafin ɗaya bayan ɗaya, su ma baƙi da fari, duka na ƙauyen farko ne da dajin da ke bayansa.

Na ce, "Bature, ya ambaci kwalekwale?"

Ya sake bin shafin da yatsa. "Bai ambata ba."

"Ƙasar ruwa fa?"

"Babu."

Na ce wa mai shago, "Maigida, mutumin nan bai haye kogi ba. A ƙauyen farko ya tsaya ya yanke wa ƙasa guda hukunci. A karatunmu ba a karɓar shaidar mutum sai a kan abin da idonsa ya gani."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gwani, sai ka shanye tukunya kafin ka san gishiri ya yi wa miya yawa?"

"Miya ɗaya ce daga sama har ƙasa. Wanda ya sauka a tashar mota ya juya, zai ba da labarin Haɗeja?"

Samarin da ke zaune a benci suka fara matsowa. Mai shago ya gyara tsayuwa, ya kawo wadda ban shirya mata ba.

"To kai da kake maganar abin da ido ya gani, ka taɓa ganin kalar gem ɗin nan? A baƙi da fari kuke kallo. Shi ya ga kala ya ce ba ta da kyau. Kai me ka gani?"

Nan ya kama ni. Watanni ina kare abin da ban taɓa ganin fuskarsa ta gaskiya ba. A raina na riga na ba ruwan shuɗi irin na rini, na ba ciyawar kore irin na shinkafa sabuwar dashe, har na manta ni na shafa musu.

Bature ya ce, "Gwani, mu kawo shi gobe a sa a talabijin ɗinsa. In abin ya yi muni kamar yadda aka rubuta, zan yi musaya. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Na ce na yarda, da sharaɗin za a bar ni in riƙe abin latsawa daga La'asar zuwa Magariba.

Washegari ranar kasuwa ce, shagon ya cika. Ban da samarin unguwa, akwai masunta da suka kawo busasshen kifi daga wajen Guri, da manoman shinkafa na Auyo da suka jingina baburansu a waje suna jiran rana ta yi sanyi. Mai shago ya tura kaset, hoto ya fito.

Wallahi abin ya yi muni. Fuskar saurayin nawa ruwan goro ce. Ciyawa kore ne mai haske irin na robar yara. Ruwan kuwa, ruwan da na daɗe ina kallo kamar fadama da asuba, wani ruwan hoda ne mai ratsin shunayya, kamar an wanke zanen amarya a ciki. Ni da nake zayyana na san launin da ba ya zama kusa da ɗan'uwansa, kuma duk an haɗa su a nan. Shago ya ɗauki dariya. Wani ya ce ko kogin jan-baki ne.

Bature ya sunkuyo kusa da kunnena. "Mutumin nan bai yi ƙarya ba fa."

Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "A kan kala ya faɗi gaskiya, na karɓa. Saura abin da bai gani ba. Karanta musu."

Na tura kwalekwalen cikin ciyayi. Bature ya fara juyi, da farko a sanyaye, daga baya muryoyinsa suka dawo masa. Ba mu yi nisa ba hanya ta rabu, na nufi hagu. Wani dattijo cikin masuntan ya ce, "Kai yaro, nan ai ciyawar kacalla ce ta toshe, ba ka ga ruwan ba ya motsi? Bi inda tsuntsaye suka tashi." Na bi maganarsa, hanya ta ɓulle. Ya dubi na kusa da shi ya gyaɗa kai kamar shi ya tuƙa.

Daga nan na daina zama ni kaɗai a kwalekwalen. Wannan ya ce dama, wancan ya ce koma baya. Da dodon ruwa ya taso mana, wani manomi ya miƙe tsaye yana cewa in ba maharbiyar da ke cikin abokan tafiyarmu magani kafin ta faɗi. Babu wanda ya sake ambaton jan-baki.

Can muka isa wurin da ni ma ban taɓa zuwa ba, bakin madatsar da matsafin ya gina. Wani tsoho mai gadi ya tare mu da dogon jawabi. Bature ya karanta a ransa tukuna, sannan ya juya ba tare da wasa ba. In muka fasa madatsar yanzu, ruwa zai koma ƙauyen saurayin, amma zai cinye garin da ya kafu a ƙarƙashinta, wanda mutanensa suka ba mu kwalekwale. In muka bari, sai mun nemi wata doguwar hanya, kuma ba tabbas shukar ƙauyenmu za ta jira.

Shago ya ɓarke da gardama.

Dattijon masunta ya ce a fasa madatsar, ruwa ba na mutum ɗaya ba ne, mutanen ƙauyen saurayin ma bayin Allah ne. Wani manomin Auyo ya ce, "Baba, kai kifi kake hange. Ka taɓa tsayawa kana kallon shinkafarka a ƙarƙashin ruwa?" Dattijon ya ce shi kuma ya taɓa jan kwalekwale a kan busasshen taɓo? Wani ya kawo zancen shekarar da ambaliya ta shiga gidan surukansa. Aka bar gem aka koma kan kogin gaske, aka sake dawowa kan gem. Mai shago da kansa ya ture wani yaro ya matso gaba yana cewa, "A tambayi mai gadin mana, ba za a iya buɗe rabi ba?"

Ana cikin haka ladan ya kira Magariba. Na ajiye abin latsawa a kan benci.

Mai shago ya ce, "Haba Gwani, zaɓi ɗaya mana mu gani."

Na ce, "Lokacina ya cika, Maigida. Ai ka ce ɗanɗano ɗaya ya isa a san miya."

Bature ya kashe na'urar, ya zare kaset ya sa a aljihun gaba, ya maɓalle. Ya ce ba ya musaya. Mai shago ya ce to a ba shi haya, ranar kasuwa kawai. Bature ya dube ni, na girgiza kai. Na ce duk mai son ganin yadda za ta ƙare ya san gidan malamin makaranta, tabarma kyauta ce, amma talabijin ɗin ba ta da kala.

Mutum uku suka zo washegari, har da dattijon masunta, wanda ya ɗage komawarsa gida. Doguwar hanyar muka zaɓa, ya yi ta mita har muka tashi. Mai shago bai zo ba, sai dai duk ranar da muka haɗu a masallaci yakan tambaye ni a bakin ƙofa, yana neman takalminsa, ko ruwan ya isa ƙauyen. Ba na gaya masa. Yakan ce, "Ko ma dai mene ne, kalar ba ta da kyau." Nakan ce ban musa ba.

Kafin damina ta ƙare muka kai ƙarshen tafiyar, a toka-tokarmu. Ban sake yarda an sa kaset ɗin a talabijin mai kala ba. Shafin mujallar kuwa mai shago ya bar mini, na daɗe ina cewa Bature ya taya ni mu rubuta wa mai taurarin nan wasiƙa mu tambaye shi inda ya tsaya. Bature ya ce mujallar ta girmi zuwan kaset ɗin da shekaru, mai yiwuwa mutumin ya manta ya taɓa rubutawa. Na ce mantawarsa ba ta wanke shi ba, ya ba da shaida a kan ƙasar da bai taka ba. Har yau ban sauka daga kan wannan ba.