Saniyar Inna

Da muka bar daji muka zauna Potiskum, saniya ɗaya ce ta rage wa Inna, jikar saniyar da aka ba ta ranar aurenta. Saniyar ta tsufa, amma wajen nono babu kamarta a unguwar. Inna ta fi yi mata magana mai daɗi a kan mu 'ya'yanta, kuma ban ga laifinta ba, tunda mu ba ma cika ƙwarya.

Wata damina, zamanin mulkin soja, saniyar ta haifi ɗan maraƙi. Kashegari ta kwanta, ta lanƙwasa wuya, kunnuwa sun yi sanyi ƙalau. Aka yi hayaƙi, aka ɗura jiƙo, ko gezau. Baffa, mahaifinmu, dillali ne a Kasuwar Shanu, kuma ba abin da ya tsana irin dabba ta zama mushe a gidansa.

"A kawo wuƙa," ya ce.

"Malam, a ɗan saurara mata," in ji Inna.

"In ta mutu da kanta, wa zai ci?"

Ya yanka. Inna ko romon ba ta taɓa ba.

Da shekara ta zagayo, saniyar maƙwabcinmu ta yi irin wannan kwanciya. Shi sai ya ɗauko malamin dabbobi. Muna tsaye aka ɗura mata ruwan wata kwalba ta jijiyar wuya. Can sai ta yi gyatsa, ta yunƙura, ta miƙe tana neman ɗanta.

Malamin ya ce sinadarin ƙashi ne, kalsiyam, nono ya kwashe daga jininta. Akwai wasu 'yan ƙulalai a wuya masu aika wa ƙashi saƙo ya sako wani cikin jini. In saniya ta tsufa, ƙashin kan yi nawar amsawa. Ya ce mai yawan nono ita ta fi faɗuwa.

Baffa ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Yaushe wannan ruwa ya zo garin nan?"

"Ai ya daɗe, Baffa."

"Har bara?"

"Har bara."

Inna tana bayan zana, ta ji komai. Na yi zaton ranar gidan ba zai zaunu ba. Sai kawai ta kai masa tuwonsa, ta gaishe shi da gajiya. Har yau abin yana ci mini rai. Da ma faɗa ta yi masa, da ya fi masa sauƙi.